Ranar da Soket ɗin Kicin Ya Mutu

A masaƙar da ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran wuta, Injiniya ake ce masa, duk da ba shi da takardar da ta ba shi sunan. Da tsokana aka fara, har ya bi shi. Masu takardar na gaske suna zuwa da farar riga, ya koya musu inda kowace waya ta bi, bayan shekara biyu su zama oganninsa. Da aka rufe masaƙar, agogon bango aka ba shi da takardar yabo. Da matarsa ta rasu, babban ɗansa ya ce ba zai bar shi shi kaɗai ba, ya ɗauko shi ya sa a ɗakin baya, kusa da tankin ruwa.

Gidan nan kuwa shi ya yi masa wayarin da hannunsa shekara goma sha biyu da suka wuce. Yanzu hannun na rawa kaɗan, in ya ɗauki kofi sai ya tallafa da ɗayan. Tun daga nan ɗan ya kafa doka: Baba ya huta, ko kwan fitila kada ya canza.

Wata Talata da hantsi ya jiyo surukarsa a kicin tana ta danna makunni tana tsaki. Ya leƙa.

"Lafiya, 'yata?"

"Baba, soket ɗin nan ne ya mutu. Tun safe butar lantarkin ta ƙi yin zafi. Na kira ɗanka, ya ce zai zo da mutumin kamfani da yamma."

"Kin gwada butar a wani wuri?"

Ba ta gwada ba. Ya sa ta kai falo ta jona, nan take ta fara shuu. Ba laifin buta ba ne ke nan. Ya je akwatin bireka, makunnan da ke yanke wutar gida, da ke bayan ƙofa ya duba, duk suna sama, babu wadda ta faɗi. Ya koma ɗakinsa ya janyo tsohuwar jakar kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado.

"Baba, ka san fa zai yi faɗa."

"Dubawa kawai zan yi. Ido ai ba ya lalata waya."

Ya zura testa, abin gwada wuta, a ramin soket ɗin, ta kawo ja. Surukar ta ce, "To ai ga wuta nan!" Ya yi mata bayani cewa wuta tana shigowa ta waya ɗaya ne, ta koma ta ɗayar. Tana zuwa, hanyar komawa ce ta yanke a wani wuri. Ya kashe birekar kicin, ya sake sa testa ya tabbatar ta mutu, sannan ya kwance murfin. Sukurun ya faɗi sau biyu kafin ya kama shi, ita kuma ta kau da kai kamar ba ta gani ba. A ciki komai lafiya, wayoyin a ɗaure tam kamar yadda ya bar su.

Ya tsaya ya rufe ido yana bin layin a kansa. Daga akwati zuwa soket ɗin bayan firji, daga nan ya bi bango zuwa wannan. Suka ture firjin tare, ya buɗe na bayan, shi ma ƙalau. Tsakanin biyun kuwa babu komai sai sabon kabad ɗin da aka kafa bara, lokacin da aka yi wa kicin kwaskwarima. A makonnin nan an kai shi gidan ƙanwarsa, wai don kada ƙura ta dame shi.

Ya durƙusa da ƙyar, ya fitar da tukwane, ya cusa kansa cikin kabad ɗin. Hancinsa ne ya fara gaya masa: warin roba da ta ƙone. Ya cire katakon baya. Ga wayarsa nan an datse ta, an ƙara wata siririya wadda ko fitila ba ta kamata a ɗora mata ba, an murɗe su da hannu an naɗe da salatif. Salatif ɗin ya narke, waya ɗaya ta rabu, katakon ya yi baƙi kamar gindin tukunya.

Ya fito da kansa daga kabad ɗin. Sannan ya kira ta.

"Zo ki gani. A nan kike ajiye man girki, ko?"

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Da yara a gidan nan."

Awa biyu ya yi a kan aikin da a da minti ashirin ya ishe shi. Ya yanke ƙonannen wurin, ya ja waya mai kauri daga ragowar da ke jakarsa, ya haɗa da kanekta, ya rufe a cikin akwatinta. Da ya ɗaga bireka butar ta kama, sai ya ji gumin da ke bayansa ya yi masa daɗi. Ya ajiye ƙonannen guntun a kan tebur don ɗansa ya gani.

Da la'asar ɗan ya shigo tare da mutumin kamfani, mai riga da tambari a aljihu. Shi ne dai wanda ya yi aikin bara. Mutumin ya ɗauki guntun ya juya shi, ya ce da murmushi, "Ranka ya daɗe, tsohon wayarin gidan ne ya gaji. Kuma tunda wani ya riga ya sa hannu, gaskiya ba za mu ɗauki alhakin abin da zai biyo baya ba."

"Wani?" in ji tsohon. "Wannan siririyar wayar tawa ce? Ni na naɗe ta da salatif?"

Ɗan bai ko kalli guntun ba. Ya ba mutumin haƙuri, ya raka shi har mota. Da ya dawo fuskarsa a murtuke.

"Baba, me ka rasa a gidan nan? In wuta ta ja ka, me zan gaya wa mutane? A ce na ajiye ubana yana rarrafe a cikin kabad?"

"Gidanka ne ya kusa kamawa."

"Zamani ya canza, Baba. Waɗannan sun yi karatun abin."

Tsohon ya juya ya dubi surukarsa. Ta buɗe baki ta ce, "Ai da ka ga katakon..." Mijin ya ɗaga mata hannu, ta shiga mayar da tukwane. Ɗan ya sunkuya ya tattara filaya da sukundireba da testa, ya zuge jakar, ya ce zai ajiye masa a but ɗin mota don hankalin kowa ya kwanta. Da ladabi ya faɗa, har da "ka yi haƙuri".

Tsohon bai yi gardama ba. Ya wanke hannunsa a famfon kicin, ya koma ɗakin baya.

Da zafi ya shigo, fankar ɗakinsa ta fara gurnani tana juyawa da ƙyar. Daga kwance ya san abin da ke damunta, aikin minti biyar ne. Ya gaya wa ɗansa sau ɗaya, ɗan ya ce zai kira kamfani. Kwana goma sha ɗaya kafin su zo. A kwanakin nan yakan fitar da kujera ƙofar gida ya zauna yana fifita da kwali, in maƙwabci ya wuce ya ce, "Injiniya, ana hutawa?" sai ya ce, "Ana hutawa."