Takardar da Baogen Ya Riƙe a Juye

Shekara ashirin da shida Qiao Yuzhen ta yi tana rubuta abin da ake faɗa a kotun gundumarsu, ba wanda ya taɓa neman jin ta bakinta. Ba miji, ba ɗa. Abin da take da shi a duniya maƙwabciyarta ce, Goggo Pang, wadda suke shan shayi tare da yamma suna taɓa gulmar unguwa.

Sai aka kashe ɗan Goggo Pang a bakin madatsar ruwa. 'Yan sanda suka kama wani mai kiwon agwagi, Lu Baogen, bayan kwana tara suka kawo takardar amsa laifi. Ƙa'ida ce wanda ake tuhuma ya rubuta da hannunsa a ƙasa, "Na karanta, daidai yake da abin da na faɗa," sannan ya dangwala yatsa da jan tawada. Ga shi nan kuwa, rubutu tsaf kamar na malamin makaranta.

Da aka tashi zaman farko, Yuzhen ta miƙa wa Baogen bayanan ranar ya duba. Ya karɓa a juye, ya ƙura ido yana gyaɗa kai.

"Ka gama karantawa?" in ji ta.

"Yaya, nuna min inda zan dangwala kawai. Wancan karon ma da na dangwala aka bar ni na yi barci."

Kwana uku tana juya maganar. Baogen ko kaɗan bai kwanta mata ba, idonsa ma tsoro yake ba ta. Duk da haka ta sami alƙali da maganar rubutun da ke ƙasan takardar amsa laifin.

"Aikinki rubutu ne, Qiao," ya ce.

"Shi ya sa na gane wannan ba nasa ba ne, ranka ya daɗe."

Kotu ta yi watsi da takardar. Babu wata shaida, aka sallami Baogen. Tsuntsun da ya ja ruwa kuwa shi ruwa kan doka: abokan aiki suka daina zama kusa da ita wurin cin abinci, Goggo Pang ta daina buɗe mata ƙofa. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, ita da take zaton ta saba da shi.

Bayan wata biyar suka yi kiciɓis da Goggo Pang a matakalar bene. Tsohuwar ta tsaya tana haki.

"Ke sarkin gaskiya, faɗa min. Ba shi ya kashe min yaro ba?"

"Ban sani ba, Goggo."

"Ba ki sani ba," tsohuwar ta maimaita a hankali. "Da kin ce min ba shi ba ne, da na yafe miki."

Ta raɓa ta gefenta ta ci gaba da hawa.