Sirdin Goɗiyar Mijin Ƙanwa

Baduku ya yi furfura a rumfarsa da ke bayan layin maƙera, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa yanka fatar sirdi bai fara zuwa ya ga dokin ba. Yakan tafi da wata waya mai taushi, ya lanƙwasa ta a gadon bayan dabbar har ta ɗauki siffarsa, sannan ya kai wa masassaƙi ya fitar da katako daidai da ita. Mai doki yana iya faɗin irin zanen da yake so, amma zancen faɗin sirdi, a cewarsa, da doki ake yi.

Ga shi kuwa da son yabo. In ya jiƙa fata ya ɗauki ƙarfen zane da 'yar guduma, ko matarsa ba ta isa ta kira shi cin abinci ba. Ka ce ganyen da ya zana ya yi kyau, ka samu shayi da kujera har la'asar.

Da mijin ƙanwarsa ya sayi wata goɗiya mai faɗin baya don zagayen gonakinsa na nesa, Baduku ya ce shi zai yi mata sirdi, kyauta. Katako biyu masassaƙi ya kawo masa a lokacin, na goɗiyar da na wani siririn ingarma. Hankalinsa yana kan zane, sai ya yanka fatar a kan awon ingarman. Bai farga ba sai da ya gama: rassa sun nannaɗe juna, kowane ganye da jijiyarsa, aikin da hannunsa bai taɓa fitar da irinsa ba. Ya ja fatar a kan katakon goɗiya, ta ƙi rufewa.

Ya san abin da ya kamata. Sai dai zuciya ta ƙi. Ya ɗinke fatar a kan matsattsen katakon, ya ƙara auduga a ƙasa, ya ce wa kansa ai za ta saba.

Goɗiya ba ta saba ba. Da an ɗaure mata majayin sirdi a ciki sai ta kwantar da kunne, a hanya ta dinga tutsu. Mijin ƙanwa ya leƙo rumfa yana ɗingishi.

"Yaya, an cuce ni a dabbar nan. Jiya ta watsar da ni a bakin rafi. Na ba ta bulala har hannuna ya gaji."

"Ka duba bayanta kuwa?"

"Akwai ɗan kumburi. Birgima ce take yi a kan tsakuwa, don mugun hali. In ba ta gyaru ba, rabuwa zan yi da ita."

Maganar ta zo wa Baduku har baki, ya haɗiye ta da shayi. Kunya yake ji, ba wani abu ba. Mutumin da ya gama yi wa dukawan layi gori a kan awo, da wane baki zai ce shi ya saka dabba a matsi saboda ganye? Kullum sai ya ce gobe. Abinci ya daina yi masa daɗi, matarsa har ta fara tambaya ko haƙori ne.

Wata safiya dai ya ɗauki wuƙar farke ɗinki da katakon goɗiyar, ya nufi gidan ƙanwarsa. Ya tarar da turke babu komai, sai igiya da ragowar ciyawa.

"Ina take?"

"Na miƙa ta, Yaya. Ba wanda zai sayi mai tutsu don hawa, masu amalanken yashi ne suka karɓa." Mijin ƙanwa ya ja shi zuwa falo, inda sirdin ke zaune a kan kujera an goge shi da mai. "Har wannan suka nemi in haɗa musu. Na ce a'a. Ita ce ba ta dace da shi ba."

Ƙanwarsa ta kawo ruwa, ta dubi katakon da ke hammatarsa.

"Yaya, wannan kuma na wane dokin ne?"