Na Yi wa Kifi Fifita

Jama'a, yau ni Talatu na yi wa kifi fifita!

Ina bakin gada ina suyar kifi, sai ga sabuwar motar ƙanena Alhaji Sule, wanda kwangila ta buɗe masa bana. Direba ya ce, "Yaya, ki zo maza, Alhaji ya ce maganar kifi ce." Na suri kasko da mai da yaji, na shiga.

Ina shiga falo, me zan gani? Akwatin gilashi cike da ruwa! A ciki wasu jajayen kifaye, ko ɗan yatsana ba su kai ba. A sama murfi rufe ruf, da ƙwan lantarki a cikinsa.

Alhaji ya ce, "Yaya, 'yar fankar cikin murfin ce ta mutu. Ƙwan ya ɗumama ruwan, ga su nan suna haki."

Na ce, "Kifi da fanka? To kashe ƙwan mana!"

Ya ce, "Baƙi za su zo daga Kano, da me za su gan su? Ke kika san kifi."

Ya ɗaga murfin, ya miƙo min mafici. Wallahi na karɓa! Can kifi ɗaya ya juya ciki sama, na ce ga kasko. Alhaji ya dafe kai: "Daga Ingila fa aka kawo shi!"

Tun ina budurwa nake gaban wuta saboda kifi, ba wanda ya taɓa yi min fifita. Yau ga ni sharkaf da gumi ina yi wa kifi, Alhaji yana cewa, "Yaya, ƙara hannu!"