Ranar Arfa da Digirin Matar Yayana

Matar yayana ta zo mana Makka daga Maraɗi da akwati biyu, ɗaya na sutura, ɗaya na littattafai. Ni na buɗe na biyun, don ba na iya zaman jiran tsaraba. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan, ba Larabci ba ne, ba kuma Turancin da muka yi a sakandare ba ne. Ta ce Sifaniyanci ne, shi ta karanta a jami'a a Yamai. Na ce mata a nan unguwar Zahir ko mai burodi ba zai amsa mata da shi ba. Ta yi dariya ta ce ai ba burodi za ta saya da shi ba. Tun ranar nake ce mata Sinyora, wato Madam a yaren nata, ita kuma tana ce min Auta kamar kowa a gidan.

Ba ta daɗe ba ta shiga karatun digiri na biyu ta intanet, a wata jami'a can Sifaniya. Shekara biyu muka sha. Na ce mun sha, domin ni na gaji wanke-wankenta. Ina gaban famfo, ita tana zirga-zirga a kicin tana karanta waƙoƙinsu da ƙarfi, harshenta na karkarwa kamar injin ɗinkin Baba. Kundin da ta rubuta a kan labaran matan da ake bari a gida ne idan maza sun tafi ci-rani. Na ce da ta tambayi Umma da ta huta da sayen littattafai.

Abin da ya rage shi ne ta zauna gaban malamai uku ta kwamfuta, su yi mata tambayoyi, ta kare abin da ta rubuta. Sun ba ta rana tun da wuri, amma da lissafin watan Turawa. Mu kuwa a gidanmu da watan Hijira muke komai, daga albashin Yaya har sabunta iƙama, takardar izinin zamanmu. Ta faɗi ranar, kowa ya ce Allah ya kai mu, ba wanda ya ɗauki kalanda ya duba. Sai da Zulhajji ya kama, ni da nake neman ranar da za a kawo mana rago, na gano jarrabawar Sinyora ta faɗo daidai ranar Arfa.

Ta rubuta musu ko za a ɗaga. Suka ce idan ta wuce wannan sai zagayowar shekara. Ita kuma lokacin cikinta ya tsufa. Ta ce min, ba kuka ba komai, idan jaririn nan ya riga digirin zuwa to digirin ya tafi ke nan, ta san kanta. Ban taɓa jin ta yi magana ba dariya a ciki ba sai ranar.

Ga kuma inda muke. Duk shekara Baba yana ba alhazai hayar gidanmu, mu tattara mu koma kan rufin bene, a kafa rumfa, a shimfiɗa katifu tsakanin tankunan ruwa. A can rana ba ta bari ka ga fuskar kwamfuta, iska na kaɗa rumfa, ga rago ɗaure a jikin bututu yana kuka. Ranar Arfa kuwa alhazai duk sun fice, ɗakunan ƙasa ba kowa. Na ce to me ake jira, mu sauka mu yi abinmu mu fito. Baba ya ce a'a. Gida ya zama nasu har su tafi, kayansu amana ne, ko allura ba za a shiga ɗauka ba sai da izininsu. Kuma shi ba zai iya buɗe baki ya roƙi baƙon Allah ɗaki ba.

Ni zan iya. Na sa abaya na sauka.

Alhazan namu tsofaffi ne mata daga Zariya, ɗan ɗayarsu da ke aiki a Riyad ya kama musu gidan. Babbarsu wata Hajiya ce mai tabarau, na same ta tana ɗaure guzurin Mina. Na gaishe ta a gurguje, na zayyana mata komai a tsaye. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce in zauna tukuna, ba a roƙo a tsaye kamar mai karɓar kuɗin wuta. Na zauna. Ta sa na sake gaisuwar daga farko, har da tambayar gajiya. Sannan ta tambayi ko wane irin yare ne wannan, na ce na wasu Turawa ne. Ta tambayi ko akwai Musulmi a cikinsu, na ce Sinyora ta ce akwai. Ta kwance makulli daga bakin zaninta.

"Ungo. Amma kar ki taɓa min kilishi, na san yawansa. Ita kuma mai cikin, ki ce mata zan ambace ta a Arfa, ita da yaren nata."

Saura abu ɗaya, kuma ni ya shafa. Ranar Arfa ita ce ranar matan Makka. Gari ya yi fayau, maza sun tafi aikin alhazai, mu kuma mu ɗauki dabino da gahawa mu cika Harami, mu yi ɗawafi ba mai ture mu, mu sha ruwa a can. Shekara guda nake jiran ranar. Umma ta ce ita kam ba za ta fasa ba, Yaya yana tuƙa bas a Mina, Baba ya bi maƙwabta aikin alhazai. Sinyora ta ce in tafi abina za ta iya. Na dubi cikinta, na dubi tsohuwar kwamfutarta da ba ta kama intanet sai daga wayata, na ce ta daina min surutu.

Ɗakin da muka buɗe kamar shago. Darduma a jibge, jarkokin zamzam, butoci, 'yan raƙuman roba na jikoki. Na rataya farin zanin gado a bayanta na rufe tarkacen. Da muka gwada magana sai muka ji mukayyif ɗin ɗakin, na'urar sanyin nan tamu mai ruri, ya cinye muryarta gaba ɗaya. Dole muka kashe shi. Zafi ya taso. Na ɗauki faifan Hajiya na durƙusa a gefen tebur inda kyamara ba ta kaiwa, ina yi mata fifita, ga azumi a bakina.

Malaman suka bayyana, mata biyu da wani tsoho mai farin gemu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, fuska kawai nake karantawa. Da farko lafiya lau, Sinyora na zuba, suna gyaɗa kai. Sai tsohon ya karɓi magana. Ya yi ta yi, yana kaɗa yatsa, yana buga takarda, muryarsa na hawa. Na ga gumi na bin wuyan Sinyora. Raina ya ɓaci. Mace da tsohon ciki, a wannan zafi, wani ya zauna cikin sanyi yana yi mata faɗa? Na ajiye faifai na yunƙura zan leƙa in gaya masa abin da ya sawwaƙa da Larabci.

Sinyora ba ta ko kalle ni ba. Ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danne, tana murmushi tana ba shi amsa. Haka ta riƙe ni har suka gama. Ban san mai ciki na da nauyi haka ba.

Suka ce za su yi shawara, fuskokinsu suka ɓace. Na ce mata wannan tsohon ba shi da mutunci.

"Auta, yaba min yake yi. Haka suke magana in abu ya yi musu daɗi."

"To in ransu ya ɓaci fa, duka suke yi?"

Tana cikin dariya suka dawo. Ɗaya daga cikin matan ta karanta wani abu, sauran suka tafa. Wannan kam ban nemi fassara ba. Na miƙe na rangaɗa guɗa, gwiwar hannuna ta fizgo zanin gadon, ya zube. Malamai uku na Sifaniya suka yi ido huɗu da raƙuman roba da jarkokin zamzam da ni riƙe da faifai. Tsohon ya yi dariya har ya cire tabarau. Sinyora ta nuna ni ta faɗa musu wani abu, suka ɗaga min hannu. Ta ce ta gaya musu ni ce mukayyif ɗinta.

Muka mayar da komai inda yake, na kulle ɗaki, kilishi ban taɓa ba duk da ƙamshinsa ya wahalar da ni. Titi ba kowa, tasi ya kai mu Harami kafin magariba. Muka sami Umma a inda take zama kullum, ta baza dabino. Ta dubi fuskar Sinyora ta gane, ta ce alhamdu lillahi, ta matsa mata wuri. Sannan ta tambaye ni me ya sa nake ɗingishi. Na ce ta tambayi mai digiri.