Zangarniyar da ke bakin rumbu

Ina aji biyar a sakandare a Funtua malamin Turanci ya rubuta mana kalmar da Turawa ke kiran fatalwa da ita. Ya ce a tsohon harshensu ba abin tsoro take nufi ba, numfashi ne, ran mutum ne. Daga baya ta koma dodo. Na ɗaga hannu na ce to ya aka yi rai ya zama dodo? Ya ce ba zai fito a jarrabawa ba.

A shekarar ce mahaifiyata ta rasu, da damina. Na zo hutu ƙauyenmu wajen Gozaki ana yankan dawa, na tarar kakata ta soke zangarniya guda a bakin rumbu, kamar yadda take yi duk lokacin girbi. Ban taɓa tambaya ba. Ranar haushi ya kama ni, na zare na jefa wa akuya.

"'Yar boko, abincin wa kika ba dabba?"

"Na fatalwa mana, tsohuwa. Ba kyau, kin sani."

"Fatalwa a gidan nan? Ke kika kawo ta a jakar littattafanki."

Ta ce kakarta ce ta fara, tun Turawa ba su zo ba, lokacin gidanmu ba a fara salla ba. Wata shekara mahara suka kwashe mutane a gona, har da mijinta, ba gawa ba labari. Sai ta riƙa ajiye masa zangarniyar fari, in ya dawo ya san an lissafa da shi. Bai dawo ba. Aka ci gaba, ana yi wa duk wanda ya tafi bai ci sabuwar dawa ba.

"To zuwa suke yi su ci?"

"Tsuntsaye ke ci."

"To meye amfanin?"

"Uwarki ta shuka dawar nan, an girbe ba ita."

Na waiga. Akuya ta riga ta gama cinye zangarniyar. Na ce mata shirka ne ko ba shirka ba, ta faɗa mini kai tsaye. Ta ce ta fi ni tsoron Allah, kuma ita ba ta roƙon rumbu komai.

Ban gane ba, har yau ban gane ba. Na dai je cikin dami na zaɓo wata na miƙa mata. Ta ƙi karɓa, ta ce ta farin ake sawa, kuma ta fari guda ce.

Ni na soke ta da hannuna. Ban san wa na ajiye wa ba.