Awakin Goggo Laraba

Har gobe ba zan manta da ranar da aka tura ni Miri ba, a ƙarshen wata damina, ina ƙaramin ma'aikaci a asibitin dabbobi. Tsarin aikinmu, mu ne ke fara zuwa duba dabba, abin da ya fi ƙarfinmu mu kai wa likita.

Gidan wata dattijuwa ne, Goggo Laraba, mai kiwon awaki. Na tarar iyayen na tsaye suna cin dusa, 'ya'yan da ke shan nono kuwa suna kwance a kumbure. Ta ce sun daina fitsari, ɗaya ma ta mutu.

"Goggo, me kika ba su?"

"Ba komai, ɗana. Kaska ce ta addabi iyayen, maƙwabcina ya sam mini ragowar maganin feshin wake, nake musu wanka da shi. 'Ya'yan ko taɓa su ban yi ba."

Na kai wa likita gawar muka feɗe. Ya nuna mini ƙodojin, sun kumbura sun koɗe. Ya ce gubar na shiga ta fata, ta bi jini, ta sauko cikin nono. Ƙodar uwa takan jure na ɗan lokaci, ta ɗa kuwa ba ta yi ƙwari ba.

"Ranka ya daɗe, in yi wa sauran ƙarin ruwa?"

"Yi, amma kada ka sa mata rai."

Da na koma na yi mata bayani, sai ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da jariri, jikanta, wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa.

"Wannan fa? Da nononsu nake renonsa."

Ƙafafunsa sun kumbura. A babur ɗina na kai su asibiti. Bai kai wata Juma'ar ba. Da na je ta'aziyya, ita ce ma ke yi mini godiya.

Tun daga nan nake bin unguwanni ina gargaɗi, amma har yau ana sayar da maganin a kwalaben da babu rubutu, masu kiwo na saye don shi suka samu. Abin da aikin nan ya koya mini, mutanenmu ba sakaci ke kashe musu dabbobi ba, garin kulawa ne. Mu kuma kullum sai an gama muke isowa.