Badaru da Bahon Alhaji

Jama'a a gyara zama, ga Injiniya Badaru na Zoza, sarkin masu gyaran famfo, wanda shekara ashirin haɗinsa bai taɓa ɗiga ba!

Ni na kai shi Karaye a babur, gidan wani Alhaji da ya sayo baho mai feso ruwan zafi ta ramuka shida. Bahon ya shekara a tsakar gida ba a haɗa shi ba, har hanjin ragon layya an wanke a ciki. Alhaji ya ce in ya ga ɗigo ɗaya, daga Kano zai kira wani.

Badaru ya ɗaura bakunan feshin, ya naɗe su da tef, ya shafe da gam. Ruwa ya ƙi tasowa. Sai ya yi masa irin ta injin ban-ruwa: ya kafa baki a tiyo ya zuƙa. Baƙin ruwa mai tsutsa ya wanke masa baki har gemu, sannan feshi ya kama.

Na ce, "Baba, yau ka sha romon bara!"

Ya tofar, ya shafa ƙarƙashin bahon, ya nuna mini busasshen tafinsa. "Ya ɗiga? To, ta da babur."